Baba ya ce gara mutuwa da a cire masa maƙogwaro: shin zai sake magana?

"Assalamu alaikum Likita. Mahaifinmu shekararsa 63, malamin allo ne, shi ke jan sallah a masallacin unguwarmu. Wata takwas ke nan muryarsa ta dishe. Mun yi ta ba shi zuma da citta da kanumfari, har wanzami ya cire masa beli, amma ba ta buɗe ba. Da muka je asibiti aka zura masa kyamara ta hanci, aka yanki tsoka aka kai gwaji, aka ce sankara ce a maƙogwaro. An ce sai hoton wuya ya fito za a san ko gashi za a yi masa ko kuwa cire maƙogwaron za a yi gaba ɗaya. Tun da Baba ya ji haka ya ce gara ya mutu da muryarsa da ya zauna bebe. Don Allah, in an yi gashin muryarsa za ta dawo? In an cire, shi ke nan ba zai ƙara magana ba? Karatun Alƙur'ani fa?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba Malam lafiya, ya sa kaffara ce, ku kuma ya ba ku ladan jinya. Abu uku ka tambaya: yadda murya ke komawa bayan gashi, ko mutum na magana bayan an cire masa maƙogwaro, da makomar karatu. Amma wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce wadda ba ka furta ba, wato me za a ce da dattijon da ya riga ya rantse ba za a taɓa masa wuya ba. Ni likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne, kuma maganar nan ta Malam na sha jin ta daga bakin malamai da 'yan kasuwa da direbobi. Ban taɓa ɗaukar ta taurin kai ba. Wanda da muryarsa ya ci abinci, da ita ya yi ibada, da ita aka san shi a unguwa, dole hankalinsa ya tashi. Sai dai abin da yake tsoron ba haka yake ba. Cire maƙogwaro yana raba mutum da muryar da aka haife shi da ita, amma ba ya mai da shi bebe.

Ban leƙa maƙogwaron Malam ba, ban kuma ga hotonsa ba, saboda haka zaɓin maganin yana hannun likitan da ya duba shi. Abin da zan ba ka guzuri ne na shiga wurin likitan, don ku fahimci juna.

Murya daban, magana daban

Ka ɗora yatsa a kan zakaran wuyanka ka ja "aaa". Rawar da kake ji tana fitowa ne daga wasu 'yan tsokoki biyu da ke kwance a bayan wannan guringuntsin, tsawon kowanne kamar gaɓar yatsa. Malaman Hausa na kiransu tantanin maƙwallato. In kana numfashi sai su buɗe. In za ka yi magana sai su haɗu, iskar huhu ta kutsa ta tsakaninsu, su riƙa kaɗawa sau 100 da 'yan kai a daƙiƙa ɗaya ga namiji, wajen sau 200 ga mace. Abin da ke fita daga nan ziza ce kawai, irin ta ƙudan zuma. Harshe da leɓɓa da haƙora da ganɗa da hanci su ne ke sassaƙa zizar har ta zama "ba" da "ta" da "ka". Ka dubi algaita: ɗan karan da ke bakinta shi ke ba da sauti, amma yatsun mai busa ke fitar da take. In karan ya fashe, take yana nan a hannun mai busa, wani karan zai nema.

To sankarar maƙogwaro karan take ci, tiyata ma karan take cirewa. Harshen Malam da leɓɓansa da haddar da ke kansa suna nan. Duk aikin da ake yi wa mutum bayan jinya na nemo masa wata zizar ne.

Abin da ake jira a hoton

Likitocinsa abu uku suke son sani. Shin tantanin da cutar ta hau yana motsi ko ya ƙage? Shin ta ci guringuntsin da ya kewaye maƙogwaron har ta ɓullo waje? Shin ta sauka a kaluluwar wuya? Da amsoshin nan ake sanin matakinta, daga na 1 zuwa na 4, kuma matakin ne ke zaɓen magani, ba son ran likita ko na majiyyaci ba.

Abin da ke ƙona mini rai game da wannan cuta shi ne, tana cikin sankarar da ta fi saurin tona kanta. In ta fara a kan tantanin, ko ba ta kai ƙwayar gero ba sai murya ta dishe, kuma ba ta saurin tafiya kaluluwa daga wurin. Wanda aka kama tasa a matakin farko, kusan 9 cikin 10 ana kashe ta ba tare da an cire maƙogwaro ba. Amma mu a nan yawanci sai an sha jiƙo, an ce sanyi ne, an ce sammu ne, an cire beli, sai numfashi ya fara gagara sannan a kawo mana mutum. Ba laifinku nake gani ba, haka kowa ya taso ya gani. Beli dai yana can sama a bayan baki, tantanin murya yana ƙasa da shi sosai, ba abin da ya haɗa su. Duk babban da muryarsa ta dishe ta wuce mako uku ba ta buɗe ba, musamman in ya taɓa shan taba ko giya, a kai shi a leƙa. Kun yi daidai da kuka bari aka yanki tsoka, domin tarin fuka ma yakan sauka a maƙogwaro ya yi kama da sankara a ido, gwaji ne kaɗai ke raba su.

In an same ta da wuri: gashi ko leza

Kalmar "gashi" tana tsorata mutane, sai su ga kamar wuta za a kara musu. Haske ne da ido ba ya gani, mutum ya kwanta na 'yan mintoci, ba ya jin komai a lokacin. Ana yi kwana biyar a mako, tsawon mako huɗu zuwa bakwai gwargwadon tsarin da aka zaɓa. Ku shirya wa wannan tun yanzu: murya takan ƙara lalacewa kafin ta gyaru. Daga mako na biyu ko na uku maƙogwaro zai yi zafi, haɗiya ta yi wuya, fatar wuya ta yi duhu, kuma a ƙarshen gashin wasu sai raɗa suke iya yi. Nan ne iyali kan firgita su ce maganin ƙara ciwon yake, su janye majiyyaci. Kada ku yi haka. Kumburi ne, yakan sauka cikin wata biyu zuwa uku, murya kuma ta ci gaba da washewa har wajen shekara. Tsallake ranaku kuwa yana ba cutar damar farfaɗowa, shi ya sa kafin a fara nake ce wa mutane su tanadi masauki da kuɗin dukan zaman. Ana yin gashi a manyan asibitocin koyarwa irin na Shika a Zariya da na Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja, a Nijar kuma akwai cibiyar yaƙi da sankara a Yamai da ta fara gashi a 2021. Ku tambaya ku tabbatar na'urar tana aiki kafin ku ɗaura tafiya.

Muryar da ake samu bayan gashi, ga mafi yawan mutane, ta fi wadda suka zo da ita nesa ba kusa ba, kuma wanda ya san su zai gane su ta waya. Amma ba kasafai take komawa yadda take a da ba. Hasken yakan bar tantanin da ɗan tauri da bushewa. Hira da karantarwa a zaure za su yiwu. Abin da ke wuya shi ne ɗaga murya sama irin ta kiran sallah, da jan madda mai tsawo, da yin awa biyu ana magana ba hutu. Muryar takan gaji da yamma.

Hanya ta biyu ita ce a sa mutum barci, a bi ta baki da madubin ƙara girma, a yanke cutar da hasken leza, ba a tsaga wuya ba. Kwana ɗaya ko biyu an sallame shi. A nan kyan murya ya danganta da zurfin yankan. In cutar a sama-sama take, muryar kan dawo kusan garau. In sai an shiga cikin tsokar, ko an taɓa kusurwar gaba inda tantanin biyu suka haɗu, to za a bar giɓi, iska ta riƙa zurarewa, murya ta fito da huci kamar ta mai gajiya. A ƙasar Finlan an raba maza 60 masu cutar a matakin farko gida biyu, wasu gashi wasu leza, sakamakon ya fito a 2014: a dunƙule muryoyin sun yi kusa da juna, sai dai hucin iska ya fi yawa ga 'yan leza. Amfanin leza shi ne ana iya maimaita ta, kuma tana barin gashi a ajiye don gaba, shi kuwa gashi galibi sau ɗaya ake yi wa wuri. Ga mai karatu irin Malam, in cutar ta yi ɗan zurfi, ni na fi karkata ga gashi. Ba ko'ina ake samun na'urar leza ba ma, sau da yawa abin da ke akwai shi ke yanke hukunci.

Ko wanne aka yi, abubuwan da ke hana murya gyaruwa kusan ɗaya ne: komawa shan taba, zama cikin hayaƙin itace, ƙarancin shan ruwa, yawan kakarin gyaran murya, da ruwan ciki mai tsami da ke tasowa maƙogwaro da dare. Akwai kuma wanda ake mantawa. Gashin wuya yakan raunana halittar nan da ke kumbura ta zama maƙoƙo, sai mutum ya riƙa jin kasala da sanyi, murya ta yi kauri. Gwajin jini ke nuna shi, ƙwaya ɗaya a rana ke gyara shi. In kuma murya ta gyaru sannan ta sake dishewa, ko ciwon kunne ya taso a gefe ɗaya, ko kumburin ya ƙi sauka bayan watanni, a koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka rubuta ba.

In ta yi nisa amma ba ta fasa guringuntsi ba

A da yawanci wanda tantaninsa ya ƙage cirewa ake yi. A 1991 aka fitar da wani bincike da aka yi a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka a kan mutum 332. Rabi aka cire musu maƙogwaro, rabi aka fara musu da kemo, wato maganin sankara da ake ɗurawa ta jijiya, sannan gashi, aka ajiye tiyata ga wanda maganin bai karɓe shi ba. Bayan shekara biyu waɗanda ke raye a ɓangarorin biyu daidai suke, kashi 68 cikin 100, kuma kashi 64 cikin 100 na 'yan kemo da gashi suna tare da maƙogwaronsu. Wani binciken na 2003 ya nuna haɗa kemo da gashi a lokaci guda ya fi tsirar da maƙogwaro. Wannan hanya ce ta gaskiya, kuna da damar tambayar likita ko Malam ya dace da ita. Tana son mai lafiyayyar ƙoda da ɗan ƙarfin jiki, don tana da wahala.

Amma a nan nake ja wa mutane kunne. Barin maƙogwaro a wuya ba shi ne samun maƙogwaro mai aiki ba. Babban aikinsa ma ba murya ba ne, tsaron ƙofar huhu ne kada abinci da ruwa su faɗa. Na ga waɗanda aka tsirar musu da shi amma ya ƙage ya bushe, ruwa in sun sha sai ya sarƙe su, numfashi sai ta bututu, abinci sai ta roba, muryar ma ba ta fita. Wanda aka cire wa nasa aka koya masa magana ya fi su jin daɗin rayuwa. In cutar ta riga ta ci guringuntsi ta fito, ko maƙogwaron ya riga ya daina aikinsa, cirewa ce ta fi ba da damar tsira da rai. Akwai kuma tiyatar da ake cire wani sashe a bar wani, mutum ya ci gaba da numfashi ta hanci da murya mai kaushi, amma tana bukatar huhu mai kyau da doguwar koyon haɗiya.

In sai an cire

Wannan aiki ba sabo ba ne. Wani likitan tiyata mai suna Theodor Billroth ne ya fara yin sa a birnin Vienna a ranar ƙarshe ta shekarar 1873, kuma tun wancan majiyyacin na farko aka ƙera masa abin magana. Abin da ake yi shi ne a raba hanyar iska da ta abinci kwata-kwata. Bututun iska a jawo bakinsa a ɗinke shi da fatar gindin wuya, ya zama ta nan mutum zai yi numfashi har ƙarshen rayuwarsa. Baki kuma ya zarce kai tsaye zuwa hanyar abinci. Zai yi mako ɗaya zuwa biyu ana ciyar da shi ta robar hanci, sannan ya koma cin tuwonsa, ba kuma zai ƙara sarƙewa ba. A kwanakin farko babu sauti ko kaɗan, kuma su ne mafiya ɗaci. Malam yana da abin da da yawa ba su da shi, yana rubutu. Ku kai masa takarda da alƙalami, ku tabbatar mai kwana da shi yana karanta ajami.

Hanyar da ta fi saurin samuwa ita ce 'yar na'ura mai batir, girmanta kamar ƙaramar tocila. A danna ta a gefen wuya ko ƙarƙashin haɓa, ta ba da ziza, mutum ya motsa baki kamar yadda ya saba. Cikin kwanaki ake koyon ta. Sautinta na inji ne, a miƙe, kuma tana cin hannu ɗaya da caji. Wasu dattawa kan ƙi ta don yara na juyowa su kalla.

Ta biyu ita ce wadda nake kira maganar gyatsa. Mutum ya koyi tura 'yar iska da harshe zuwa saman hanyar abinci, ya maido ta da gangan, tsokar wurin ta kaɗa ta ba da sauti. Ba kuɗi, ba batir, ba hannu. Sai dai iskar da wurin ke riƙewa ba ta kai cikin ƙaramin kofin shayi ba, alhali huhu lita-lita yake ɗauka, don haka magana takan fito gajere-gajere, kalma uku ko huɗu a sake ɗibar iska. Muryar ƙasa-ƙasa ce, mai kauri, ba ta da ƙarfi. Koyon ta watanni ne, kuma da yawa ba sa kaiwa. Wani tela da na yi wa aiki da lemon kwalba ya fara, yana sha yana kama gyatsar yana mai da ita "ba". Ya yi wata biyu a kan haka matarsa na zaune gabansa kullum bayan la'asar. Ranar da ya shigo ya yi mini sallama da bakinsa, ma'aikaciyar jinyar da ke tare da ni sai da ta share hawaye. Yau yana ciniki da masu kawo ɗinki. Abin da na lura shi ne, waɗanda ke iyawa su ne waɗanda gida bai gaji da sauraronsu ba.

Ta uku ita ce ta fi ba da murya mai kama da ta mutum. Wasu masana biyu, Eric Blom da Mark Singer, suka fito da ita a Amurka a 1980. A huda 'yar ƙofa tsakanin bututun iska da hanyar abinci, a sa ɗan bawul na roba mai laushi wanda ke barin iska ta wuce amma ya hana ruwa dawowa. In mutum zai yi magana sai ya toshe ramin wuyansa da yatsa, iskar huhu ta bi ta bawul ɗin, ta kaɗa wannan tsokar dai ta maganar gyatsa. Da yake iskar huhu ce, jimla takan yi tsawo, murya ta yi ƙarfi, kuma mafi yawan waɗanda aka sa wa suna magana cikin 'yan makonni. Matsalarsa a wurinmu ita ce ba a sa shi sau ɗaya a huta. Fumfuna na cin robar, bayan 'yan watanni ya fara yoyo, ruwa ya riƙa ɗiga cikin huhu, dole a canza. Daga waje ake kawo shi, da kuɗin waje, kuma sai wanda ya ƙware ke sawa. In ya fita ba a toshe gurbin da wuri ba, ƙofar takan fara rufewa cikin awoyi. Shawarata ga wanda ke zaune nesa da babban asibiti: a sayi na'urar batir don kada shiru ya yi tsawo, a dage da koyon maganar gyatsa, kada a yarda a sa bawul sai an san wanda zai canza shi da inda kuɗin zai fito. Wanda ke da halin hakan kuwa, ya nemi a huda ƙofar tun a lokacin babbar tiyatar.

Abin da ya shafi Hausa da karatu

Yawancin abin da aka rubuta a kan wannan fanni a kan masu Turanci aka yi shi, alhali harshenmu yana ɗora wa maƙogwaro aikin da Turanci bai ɗora masa ba. Hausa tana da karin sauti. Wuyan da ke ɗauke da kai da wuyar da ake sha, kukan yaro da kukar miya, hawa da saukar murya ne kaɗai ke raba su. "Ta zo" na labari da "ta zo" na umarni ma kari da tsawon wasali ne. Na'urar batir ta gama-gari sautinta ɗaya ne, ba hawa ba sauka, don haka mai sauraro sai ya dogara da zaren zancen. An gwada wannan a kan masu harshen Kantonis a Hong Kong, wanda shi ma mai kari ne, aka ga na'urar batir ce ta fi kasa fitar da karin, maganar gyatsa da ta bawul suka fi ta. In za ku saya, ku nemi irin wadda ake iya ɗaga sautinta da sauke shi da yatsa ana cikin magana.

Sannan ga baƙaƙenmu masu ƙugiya. Ƙ da ts sai an rufe tantanin an tunkuɗo maƙogwaro sama suke fita, ɓ da ɗ kuma sai an matse shi an ja shi ƙasa. Wanda aka cire wa maƙogwaro zai sha fama wajen raba kafa da ƙafa, bata da ɓata, daidai da ɗaiɗai. Harafin h ma yakan ɓace, t ta yi kama da d, s ta yi kama da z. Ana rage wannan da atisaye: a rage sauri, a buɗe baki sosai, a ƙara matsa harshe a kan baƙin. Iyali kan saba cikin makonni su riƙa ganewa sarai, baƙo da mai waya su ne ke shan wuya. Masu koyar da magana ba su da yawa a Arewa, don haka ku tambayi likitan tun yanzu wa zai koya wa Malam, kuma ɗayanku ya riƙa shiga zaman don ya ci gaba da shi a gida.

Batun Alƙur'ani ba zan ɓoye maka ba. Malam ya fi ni sanin cewa hamza da ha daga ƙarshen maƙoshi suke fita, wato daidai wurin da za a cire, ain da ha mai kauri kuma daga tsakiyarsa, kusa da inda aikin zai taɓa. In an cire maƙogwaro waɗannan haruffa ba za su fita yadda tajwidi ke so ba, kuma jan sallah a bayyane gaban sahu zai yi wuya ƙwarai. Da bawul zai iya karanta gajerun ayoyi a ji, ya yi wa almajiri gyara, ya biya allo a hankali. Tilawarsa ta kansa kuwa ba abin da zai hana ta, domin a mazhabarmu ta Malikiyya mafi ƙarancin karatun ɓoye shi ne motsa harshe, harshen kuma yana nan. Shaƙa ruwa a alwala ba zai yiwu ba tun da iska ba ta bin hanci, amma shi ma sunna ne a mazhabar, ba farilla ba. Hukuncin limanci na bar wa malamai. In gashi ne ko leza, da yawa suna komawa jan sallah, musamman in akwai lasifika.

Akwai ƙananan abubuwa da za su canza. Iska za ta riƙa shiga huhu ba ta bi ta hanci an tace ta an jiƙa ta ba, don haka ƙurar hunturu takan busar da majina ta toshe ramin. A rufe shi kullum da ƙyalle mai tsabta mara gashi, a ɗan jiƙa shi in iska ta bushe, rawani ko wuyan riga ya sauka a kai. A kiyaye ruwa lokacin wanka, ba shiga kogi. Jin ƙanshi yakan ragu, amma akwai dabarar yin hamma da baki a rufe da ke jawo iska cikin hanci ta maido da shi ga wasu. Kowa a gidan ya sani, in Malam ya suma, ta wuya ake ba shi iska, ba ta baki ba.

Yadda za ku tunkari Malam

Kada ku yi masa taron dangi, kada kuma ku ɓoye masa komai. Abin da nake so ya sani shi ne, ƙin magani ba ya tsare murya. Cutar da kanta za ta cinye ta, sannan ta toshe hanyar iska. Na taɓa samun wani dattijo da cutarsa ke matakin da za a iya cirewa a rabu da ita, ya ce a ba shi lokaci ya yi shawara. Bayan wata biyar aka kawo shi da tsakar dare yana kokawa da numfashi, muka huda masa wuya a gaggauce don ya rayu. Ramin da ya guje wa ya same shi, muryar ta tafi, cutar kuma ta riga ta wuce inda wuƙa za ta kai. Har yau ina tuna fuskar ɗansa.

Hoton bai fito ba tukuna, mai yiwuwa ma ba a kai ga maganar cirewa ba. Ranar da za ku karɓi sakamako ku shiga tare da Malam, ku bar shi ya yi tambaya da kansa: mataki na nawa ne, tantanin na motsi, guringuntsi ya taɓu, in an bar maƙogwaron zai yi aiki, in an cire wace hanyar magana asibitin ke iya tsaya masa a kai. Sannan ku roƙi likitan abu ɗaya, ya haɗa Malam da wani da aka yi wa aikin yana magana. Kusan duk likitan da ke wannan tiyata yana da irinsu, kuma ba sa ƙin zuwa. Ku ba su wuri su zauna su biyu, ku fita waje.